Numfashin Kafinta a Kan Tsaunin Mambila

Tunda ka ce za ka bi abokanka daji, zauna ka ji abin da ya sami wani kafinta.

Shi da abokansa suka ƙulla za su hau tsaunin Mambila da wata tsohuwar mota Landiroba, su saki kwalta su kutsa inda babu gari, su kafa tanti su yi 'yan kwanaki. Ana gobe tafiya aka baje kaya a ƙofar gidan direban: jarkokin mai da na ruwa, igiya mai kauri, shebur, ƙarin taya, barguna, garin kwaki da kilishi. Direban ya bi komai ya taɓa da hannunsa. Da ya gama sai ya ce duk mai wata lalura ya faɗa yanzu a nemi maganinta, don can sama babu inda za a samu. Ƙurar katako ta daɗe da sa wa kafinta ciwon asma, amma bai taɓa bari sun sani ba, don shi suke yi wa kirarin ƙarfi, shi ke ɗaga abin da ya gagari mutum biyu. Ya girgiza ɗan maganin shaƙarsa a cikin aljihu, ya ji ya yi sakayau. Ga mai kemis ɗin unguwarsu tsaye kusa da shi yana naɗe tanti, shi ma da shi za a tafi. Amma kafinta ya tuna irin kallon da za a yi masa, wataƙila ma a ce ya zauna gida. Ya haɗiye maganar, ya sunkuci jarka ya kai mota.

Tun daga gindin tsaunin tsoro ya hana shi sakewa. Ana raha a mota, shi kuwa yana sauraren ƙirjinsa. Washegari da hantsi ruwa ya sauko, sanyi ya rufe dutsen, motar ta kafe a taɓo, aka kira shi turi kamar yadda aka saba. Ya sa kafaɗa ya yunƙura, sai ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji da jiƙaƙƙen tsumma. Numfashinsa ya koma fito. Ya zaro maganin ya danna, iska kawai ta fito. Ya durƙusa cikin taɓo, ido waje, leɓɓansa na yin baƙi, yana kallon abokansa. Aka duba waya, babu sabis. Da ƙyar suka fizgo motar, suka juya kan hanyar da ta zama santsi, rami na hamma a gefensu, direban na ta salati. Mai kemis ya tallafe shi a zaune, yana cewa, "Haba, ɗan'uwa! Kwalin maganin nan guda na baro a shago." Allah ya sa da sauran kwanansa, suka kai shi wani ɗan asibiti a gindin tsaunin yana tsakanin rai da mutuwa. Ya tashi, amma ya yi watanni yana firgita duk lokacin da iska mai sanyi ta taɓa shi, kuma ciwon da ya ji nauyin faɗa wa abokansa, har yaran unguwa sai da suka ji labarinsa.

Shi ya sa magabata suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.