Tela Mai Duba Kunnen Tumaki

Kai da ka ce kana son sanin tushenka, gyara zama ka ji yadda wani ya nemo nasa.

An yi wani tela a birni, mutum mai rufin asiri, ɗansa ya ga yarinya yana so. Da aka je neman aure, iyayenta suka yi abin da kowane gidan kirki ke yi, suka tambayi asali. Tela ya fara bayani. Abin da ya sani bai cika cokali ba: kakansa makiyayin tumaki ne, ubansa kuma ya shigo birni yana saurayi, ya rayu ya rasu bai taɓa kama sunan mahaifinsa ba, don a wurinsu wannan rashin kunya ne. Iyayen yarinya suka ce ba su ƙi ba, amma ba sa ba da 'ya ga gidan da ba a san bayansa ba. Suka ba tela wa'adi daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Sai ya lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, ya kama hanyar arewa, ya kuma tafka irin wautar 'yan birni: duk ƙauyen da ya sauka sai ya nufi ƙofar dagaci yana tambayar garin kakansa. Gari! Makiyayi da gari? Mutumin da ke damina a tudu, kaka a gonar wanda ya roƙe shi taki, rani a bakin rijiya? A wani ƙauye aka ce lalle an yi wani Dogo mai tumaki da ke sauka a gonar liman. A na gaba aka ce a'a, gajere ne, har da ɗingishi. A na uku aka nuna masa wata tsamiya aka ce nan ya taɓa kafa bukka. Tela ya zagaya tsamiyar sau biyu, ko turke bai gani ba.

Wata tsohuwa mai sayar da nono ce ta ji shi yana ba masu shayi labari ran kasuwa. Ta ce, "Kai ɗan birni, wa ya ce maka mutum ake tambaya? Yaya kunnen tumakin gidanku yake?" Tela ya yi tsaye kamar an dasa shi. Sai a lokacin ya tuna: duk tunkiyar da aka taɓa kiwo a tsakar gidansu, ubansa yakan kama ta ya tsaga kunnen hagu sau biyu, ya ɗan yanke kan na dama, su yara kuwa suna dariya suna cewa ƙauyanci ne. Ashe kowane gidan makiyaya da tasa shaida, ɗa ya gada wurin uba. Nan take ya zaro almakashinsa, ya yanka ƙyalle siffar kunnuwa biyu, ya yi musu tsagar yadda ya tuna, ya sa a aljihu. Daga ranar ya zama abin kallo a kasuwannin dabbobi. Ba ya taɓa ƙirjin rago, ba ya buɗe haƙori, kunne kawai yake juyawa, har dillalai suka sa masa suna likitan kunne, wani makiyayi ma ya ɗaga masa sanda don ya zaci ɓarawo ne ke zaɓe. A kasuwa ta shida ya ga tsagar a kunnen wani rago. Dillali ya ce masu shi suna shayarwa a wata rijiya, tafiyar yini biyu. Ya isa ya tarar sun tashi da kwana tara, sai toka da kashin tumaki. Ya bi burtali, hanyar dabbobi, zuwa rijiya ta gaba, nan ma sun wuce. Takalminsa ya tsinke, ya ɗinke abinsa, ya ci gaba, hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas.

A rijiya ta uku ya riske su, kunnuwa sun fi ɗari, duk tsaga ɗaya. Wani tsoho da ke riƙe da guga ya karɓi ƙyallen, ya juya shi, ya dubi tela daga goshi har ƙafa. Ashe ƙanen uban tela ne. Da ya buɗe baki ba maraba ya fara yi ba, cewa ya yi, "Shekara hamsin muna ratsawa ta bayan birninku da tumaki, ko mutum ɗaya bai leƙo ba." Tela ya durƙusa a taɓo ya nemi gafara.

Kafin ruwan fari ya sauka, tsohon nan da wani ɗan'uwansa suka zauna a zauren iyayen yarinya da sandunansu, suka lissafo kakanni bakwai da rijiyar da kowanne ya shayar. Aka ba da 'ya.

To, ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake.