Sifikar da ke riga Baba sallama

A gidanmu na unguwar Mount Hope, a ƙasar waje, akwai wata 'yar sifika mai Bluetooth da ta saba da wayar Baba. Yana hawowa benenmu sai ta yi "ɗin", tun bai taɓa ƙofa ba. Da ya tafi Maraɗi ta'aziyyar kakata, Mama ta yi ta fargabar kada hukumar shige da fice ta hana shi dawowa. Ni kuwa kullum nakan bar sifikar a kunne.

Ran nan da la'asar Mama na yanka albasa, sai muka ji "ɗin".

Ta saki wuƙar ta ce, "Je ki buɗe wa babanki!" Amma ita ta riga ni kaiwa ƙofa, ko mayafi babu. Tana buɗewa, sai ga Baba. Har yau in na ji wannan ƙarar, ƙofa nake fara kallo.