Takardar Alƙali a Wuyan Jibo

Jibo na Kekun Waje bijimai biyu gare shi na huɗa, da su yake ciyar da gidansa. Ana saura 'yan watanni a canza kuɗi daga fam zuwa naira, ɗaya ya gurɗe a ƙafa, ya kasa jan garma. Jibo ya sayar da shi ga Salisu, wani mahauci a Gusau, fam ashirin, a kan zai biya kasuwa mai zuwa, shi kuma ya sayi wani ya haɗa da na gida. Nama dai an ci, an sha romo, kuɗi shiru.

Da zirga-zirga ta ishe shi, ya kai ƙara gaban alƙali a Bungudu. Shaidu suka faɗi gaskiya, Salisu bai musa ba. Alƙali ya ce ya biya cikin wata biyu, aka miƙa wa Jibo takarda mai hatimi.

To, nan fa mutumin naku ya tafka ta! A sanin Jibo, rubutu mai ƙarfi ba a barin sa a fili. Ya kai wa baduku, aka naɗe ta, aka ɗinke cikin jar fata kamar laya, ya rataya a wuya yana taƙama.

Matarsa Kulu ta ce, "Malam, yanzu ita za ta kawo kuɗin?"

Ya ce, "Ke dai zuba ido. Hatimin alƙali ne fa! Da ƙafarshi za ya zo."

Wata biyu suka wuce, huɗu suka bi, ko ƙeyar Salisu. Da Jibo ya gaji ya same shi a rumfarsa, mahaucin ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mi anka rubuta cikin takardar taka? Fam ko? To gwamnati ta kashe fam, hukuncinka ya bi ta. Ka yi haƙuri, Baba."

Wallahi Jibo ya yarda. Ya juya ya koma gida. Damina ta faɗi, bijimi ɗaya ba ya jan garma, sai da hannu ya noma abin da ya iya, ga ruwan shekarar ya yi gardama. Tun kafin rani ya raba, rumbu ya koma fayau. Kulu ta sayar da awakinta uku suka sayi dawa. Ranar da aka ja ta ƙarshe, Jibo ya shiga bayan ɗaki ya yi hawaye.

Ana nan sai Malam Sabiru, malamin gona, ya zo rabon iri. Ya tambayi Jibo ina bijiminsa na biyu, Jibo ya kwashe labari ya gaya masa.

"Ina takardar?"

Jibo ya nuna wuyansa. Malam Sabiru ya yi salati, dariya ta ci ƙarfinsa. Aka kawo aska aka farke ɗinkin a hankali, ga takarda garau, ko gumi bai taɓa ta ba.

Ya ce, "Baba Jibo, hukuncin nan yana nan da ransa. Fam ɗaya naira biyu ce, kuɗinka naira arba'in ke nan. Amma alƙali bai san ba a biya ka ba. Kai za ka koma ka faɗa."

Washegari da sassafe Jibo na bakin kotu. Aka aika wa Salisu sammaci. Da ya sake kawo zancen mutuwar fam, alƙali ya dube shi ya ce, "Naman da ka sayar, shi ma ya mutu da fam ɗin?" Kotu ta kwashe da dariya. Aka ba da umarni a kama sabon kekensa a yi gwanjo in bai biya ba a ranar.

Masinjan kotu na ɗora hannu a kan keken, sai ga Salisu yana zaro kuɗi daga aljihun wando. Ashe suna nan!

Ran kasuwa Jibo ya sayi wani jan bijimi mai tozo. Da ya shigo gari da shi, Kulu ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fito ana ta barka. Shi kuwa baki ya ƙi rufuwa, duk wanda ya gamu da shi sai ya tsayar da shi ya taɓa tozon. Daminar nan shi ya fara gama huɗa a unguwarsu.

Jama'a, hukuncin kotu ba ya mutuwa don wanda ake bi ya ce ya mutu, kuma ba ya tafiya da ƙafarsa. In an yanke maka ba a biya ka ba, kada ka zauna jira: nemi wanda zai karanta maka takardarka, ka koma kotu ka nemi a karɓar maka haƙƙinka.