Babur Mai Birki Ɗaya

Kai da kake cewa hannunka ya riga ya san hanya, gyara zama ka ji.

An yi wani ɗan acaba a wata mararraba, ana ce masa Nomau. Shekara ashirin da bakwai yana kan babur bai taɓa kayar da kowa ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji wannan labari kafin ya tashi. Su goma sha ɗaya ne a gindin wata tsamiya, suna kwasar mutanen ƙauyuka zuwa kasuwar gari da ke ƙetaren gada. Rabinsu a hannunsa suka koyi tuƙi. Duk babur ɗin da ya shigo hannunsa, abu na farko da yake yi shi ne ya kwance wayar birkin gaba ya yar. A wurinsa birkin gaba makashin maza ne, ka damƙe shi a guje ya wuntsila da kai. Da ƙafa kaɗai yake tsayawa. Haka ya koya, haka ya koyar.

Ana nan sai hukuma ta kafa shinge a bakin gada, ta ce ba mai ƙetarawa da fasinja sai da lasisi, lasisi kuwa sai an je horo ranakun Asabar a filin wata makaranta, an ci jarrabawa. Abokansa suka tafi ɗaya bayan ɗaya suna yi wa kansu dariya. Nomau ya ce shi ba zai tsaya a rana ɗan cikinsa ya koya masa babur ba. Suka dawo da rigar lamba da hular kwano, kowa ya mayar da wayar birkinsa a ɓoye don kada Nomau ya gani, daga baya suka koma tashar cikin gari inda fasinja ya fi yawa. Tsamiya ta zama tasa shi kaɗai. Bencin da a da sai an matsa wa juna, yanzu yana kwanciya a kai ya miƙe ƙafa, ba mai ce masa ya gyara. Mai shayin wurin ma ya kwashe kayansa ya bi su. In ya sayi rake sai ya kakkarya shi gaɓa-gaɓa kamar yadda ya saba, sannan ya tuna ba wanda zai miƙa wa.

Ɗan fasinjan da ya rage, a bakin gada yake sauke su, su ƙarasa da ƙafa. Yau wannan ya daina hawa, gobe wancan. Har ya zamana saura Tasalla mai daddawa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ya yi shekara ashirin yana kai ta kasuwa kowace Laraba. Don kada ya rasa ta ya shirya ya tafi filin makarantar. Bai nemi horo ba, jarrabawa ya ce a yi masa kai tsaye.

Mai jarrabawar wata mata ce cikin kaki, ba ta kai 'yarsa ta fari ba. Ta jera gwangwanaye cike da yashi, ya bi tsakaninsu kamar ruwa, bai taɓa ko ɗaya ba. Sai ta ja layi da toka a ƙasa, ta ce ya taho a guje, da zarar ta ɗaga hannu ya tsaya kafin layin. Ya taho, ta ɗaga hannu, ya danna birki da ƙafa, tayar baya ta yi ta jan ƙasa, ya wuce tokar da taku bakwai. Matar ta zo ta matsa hannun birkin gaba, ta ji shi sako-sako.

"Baba, ina wayar?"

"Na yar da ita tun ba a haife ki ba."

"To da jikarka ce a wurin tokar nan fa? Ka mayar da waya ka zo ran Asabar. Hannu irin naka, zuwa sau biyu ya isa."

Ya waiga gefen fili ya hangi mutum biyu cikin waɗanda ya koya wa tuƙi, sun sunkuyar da kai don kada su haɗa ido da shi. Da dariya suka yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya tayar da babur ya tafi. Ran Juma'a ya sayi sabuwar waya ya naɗe ya sa a aljihu. Ran Asabar ya wanke babur fes, ya je har ƙofar makarantar, ya jiyo muryar matar tana cewa a sake daga farko. Ya ɗan tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ya juya.

Da Laraba ta zo, Tasalla ta fito da ƙwaryarta. Ya matso mata da babur, ta tsaya ba ta hau ba.

"Malam Nomau, ba ƙin ka nake ba. Gwiwar nan ce ta daina iya gadar."

Can sai ga wani mai rigar lamba, cikin almajiransa na da, wanda ta aika a kira mata tun jiya. Ya sauko ya durƙusa ya gaishe da Nomau, ya ce masa barka da hutawa, sannan ya ɗora ƙwarya a kan tanki ya ɗauke ta. Nomau ya bi su da ido har ma'aikacin bakin gada ya ɗaga musu shinge suka wuce. Ya kashe injin, don mai ba ruwan rijiya ba ne. Ya zauna a kan babur har aka kira azahar, ba wanda ya ɓullo ta hanyar.

Ba shinge ne ya raba shi da hanya ba, kuma ba matar nan ba ce. Tsakaninsa da ƙetaren gada Asabar biyu ce da wayar da ke cikin aljihunsa, ya kasa sunkuyawa ya ɗaura ta a gaban mutane. Ai shi ya sa magabata suka ce, girman kai rawanin tsiya.