Ranar da Taya Ta Fashe a Tsafe

Ina 'yar shekara bakwai Baba ya kai ni kasuwar Tsafe sayen rake. Tsohon soja ne, amma bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Kwatsam tayar mota ta fashe. Kafin in ƙifta ido ya kayar da ni, ya rufe ni da jikinsa. Har yau ina jin bugun ƙirjinsa a bayana.

'Yan kasuwa suka kwashe da dariya: "Saje, taya ce fa!"

Ko kallonsu bai yi ba. Ya kakkaɓe mini zane, ya ce, "Ɗiyata, ba ki ji ciwo ba?"

Ranar kunya na ji. Yanzu da ƙarar ba ta taya ba ce, ni nake kifawa a kan 'ya'yana. Allah ya jiƙan Baba.