Ɗalibi Mai Lamba Sittin da Uku

Malama tana buɗe aikin ɗalibi mai lamba sittin da uku, sai ta gane takardar da ke ciki.

Cibiyar ƙaramin ofis ne a saman wani kantin littattafai: tebur uku, kwamfuta biyu, fanka ɗaya mai kuka. Daga nan suke koyar da falsafar hankali ta waya ga masu neman ƙari a kan karatunsu, 'yan jarida da malaman makaranta da duk mai son ya iya tunani a tsare. Ba a sanin ɗalibi sai da lamba, don kada sanayya ta shiga maki. Aikin ƙarshe kuwa ɗaya ne ga kowa: ka ɗauko wata hujja ta gaske, ka nuna inda ta karye.

Sittin da uku ya ɗauko rahoton korar wata ɗaliba daga kwaleji, bisa zargin satar takardar jarrabawa. Ya shafe sunaye duka. Ba ta bukatar suna. Ta san kowane layi, har da wurin da injin bugawa ya cinye harafi. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka karanta mata shi tana tsaye, ta koma gida aka hana ta buɗe baki, ta kwashi kayanta sai gidan gwaggonta. Daga can ta sake karatu tun daga tushe, kuma ba ta taɓa gaya wa cibiyar ba.

Ranar Litinin kwamiti zai zauna ya naɗa ta shugaba.

Ta ɗaga kai ta dubi abokin aikinta, wanda shi ma yake neman kujerar. Yana shan shayi, bai ko kalle ta ba. Shi ne ya sa a tono? Kwafi uku kawai aka yi na rahoton nan, kuma ta ji an ce tsohon ginin kwalejin ya ƙone da takardunsa.

Ta koma ta duba tarihin ɗalibin. Ba gwani ba ne. Bara ya faɗi, ya sake shiga. Amsa mai layi biyu sai ta ɗauke shi minti goma. Ya taɓa tambayarta sau huɗu bambancin zato da tabbaci, har ta rubuta masa cikin fushi cewa ya nemi wani karatun. Ya amsa: "Na gode, Malama. Wannan nake bukata."

Amma aikin nan ba shi da makusa. Ya nuna cewa samun maki mai yawa ba shaidar sata ba ce. Ya nuna cewa shaidu biyun da suka ce sun gan ta, ɗaya daga bakin ɗaya ya ji. Ya nuna cewa marubucin ya fara da hukunci, sannan ya je neman dalili. Da kalmominta ya yi duk wannan, darasi bayan darasi.

Ranar Alhamis aka yi jarrabawar kare aiki. Shugaban cibiyar mai barin gado ya zauna a damanta, abokin aikin a hagunta. Ɗalibin ya ce layinsa ba ya ɗaukar murya, don haka a rubuce za a yi.

Ta yi tambayoyinta uku cikin sauri, ya amsa a hankali, daidai. Ta miƙa hannu za ta rufe.

"Dakata," in ji abokin aikin. Ya jawo madannan kwamfutar gabansa. "Wannan takardar sirri ce. Wace ce yarinyar?"

Ɗigo uku suka riƙa motsi a fuskar kwamfutar, alamar ana rubutu. Suka tsaya. Suka sake motsi. 

"Sunanta ba ya cikin hujjar," amsa ta fito.

Tsohon shugaban ya yi murmushi. "Yaron nan ya koyi karatu."

Abokin aikin bai saki ba. "To ina ka samo ta? In ba ka faɗa ba, dokarmu ta ce a soke aikin."

Ta san gaskiya ya faɗa, don ita ta rubuta dokar. Shekara biyu na wahalar mutum za su tafi a banza saboda rufin asirinta. Ta karɓe madannan ta rubuta da kanta: "Faɗi gaskiya, kowa abin zai shafa."

Wannan karon ya daɗe ƙwarai. Fanka tana ta kuka. Shayin abokin aikin ya huce a kofi. Sai layin ya fito, da kuskuren harafi biyu, irin na mai bugawa da yatsa ɗaya:

"Ni aka miƙa wa ita a ƙofar gidana. Ranar na yarda da takarda, na ƙi yarda da 'yata, shi ya sa na zo ta koya mini yadda ake karanta ta."