Tayoyi Daga Takalmin Baba

Ku matso ku ji, 'ya'yan unguwar Stains. Ina ƙarama a Damagaram na haɗa motar kara don tseren la'asar, amma ba tayoyi. Sai na yanko huɗu daga takalmin roba na Baba. Na ci tseren kuwa. Ina juyowa, ga shi tsaye ba takalmi. Na sadaƙar yau sai bulala. Ya ɗaga motar, ya murza taya, ya ce, "Uwata, ta bayan nan ta karkace. Kawo wuƙar." Har yau in na tuna sai na sauke numfashi. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ni ga ni, jikana na birnin Lyon yana haɗa motar tsere da tsofaffin ƙarafa, ban hana shi ba.